Ƙusa Ɗaya

Ƙusa biyu aka buga mata a bangon aji,
ta dama ta fice tun ba a sa mu lakwal ba,
sai ƙasar duk ta karkata
kamar hular mai gyangyaɗi.
Shekara shida ina kallonta haka.
Har yau in na shiga motar Damagaram
cikina yakan ce mini gangara za mu yi.

Maradi ɗigo ce, ƙwayar riɗi,
can ƙasa, dab da jan layi,
inda yatsunmu suka shafe ta
har takarda ta yi maiƙo.
Ko an ce nuna Agadas
sai yatsa ya fara leƙa gida.

Gulbi kuwa shuɗi ne, shar.
Da aka tashe mu na ruga in gani:
yashi, sawun jakai, fadamar tumatir,
wata mata na yasar rami da ƙwarya.
Na ce, Mushe Labo, ina shuɗin?
Ya kaɗe alli daga hannun riga,
ya ce takarda ba ta san rani ba.
Da damina ta zo na koma,
ruwan ja ne, kamar kunun kanwa.

Ran jarrabawa aka kife ta bango,
aka ce kowa ya zana da ka.
Na miƙe hanyar Ɗan Isa sak kamar tabarya,
duk kwanar da ke sa ni amai na manta da ita.
Tafkin Madarumfa na ba shi rabin shafi
don na taɓa cin kifi a bakinsa.
Dakoro ban sa ba.
Ba mu da kowa a can.
Huɗu bisa goma, da jan biro.

Kakana Nomau ya karɓi takardar,
ya juya, ya sake juyawa.
Wa ya ɗora arewa a ka?
Mutum ai gabas ya sa a gaba.
Jan layin nan kuma, in ji shi,
na tsallaka shi da jaki ya fi a ƙirga,
goro a hagu, gishiri a dama,
ban taɓa ganin ja ba sai a haƙorana.

Sai ya share ƙasa da tafin hannu.
Ga tsohon gari, can cikin kwari,
kafin ruwa ya kore mu tudu.
Nan marina. Nan tsamiya mai zuma.
Nan ƙofar da uwata ke shanyar kuka.
In ka ji warin jima, ka wuce gidanmu.
Bai auna komai ba,
amma yatsansa ya daɗe a wuri ɗaya
har ramin ya fi sauran zurfi.
Ya goge, ya ce, ka riƙe?

Jiya na hau kabu-kabun Tunau,
na miƙa masa waya, ga shuɗin zare,
ga murya na cewa a karya hagu.
Ya yi dariya har babur ya yi rawa.
Malam, faɗa mini da Hausa.
Na ce, bayan famfon da ya mutu.
Famfon nan an tumɓuke shi shekara goma,
shagon caji ne a wurin yanzu,
amma bai sake tambaya ba
sai da ya sauke ni a ƙofa.

Da dare ƴata Rakiya ta kawo littafi,
gobe za a kife musu tasu.
Na zana mata, a hankali, da magogi a hannu.
Ta duba, ta karkata kai.
Baba, me ya sa gabas ɗinka ke zubewa?